Matata 'yar Tailan ce, na ji tana ce mani "farang dam" a waya. Raini ne?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman wanda ya san Tailan da mutanenta ya warware mani wani abu da ya kwana biyu yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Ni Bakatsine ne, gidanmu na Ƙofar Marusa. Tun 2014 nake zuwa Bankok sarin kayan yara da na mata a kasuwar Pratunam, in kawo babbar kasuwa. Can na haɗu da matata, tana tsaron shagon kawunta. Musulma ce kaka da kakanni, gidansu na Nong Chok, gabashin Bankok, inda masallatai suka yi yawa a bakin ruwa. An ɗaura mana aure a 2018, yau shekara uku ke nan da ta tare a Katsina. Muna da ɗiya guda, sunan Hajiyarmu ta ci, muna ce mata Ummi. A ɗaki da Turanci muke magana, sai 'yar Hausar da ta tsinta wurin ƙannena. In za ta kira ni "Bang" take cewa, wato yaya, haka Musulmin can ke kiran namijin da ya girme su.

Kullum bayan asuba takan kira mahaifiyarta ta manhajar waya ta LINE, lokacin can rana ta take, don sun riga mu da awa 6. Talatar makon jiya ina zaune bakin ƙofa ina shan koko, ita tana kicin tana suyar ƙwai, ta jingina wayar jikin gwangwanin madara. Uwar ta yi wata tambaya, ta amsa, cikin amsar na ji "farang dam", suka kwashe da dariya su biyu. Yarensu ban iya ba, iyakata ciniki da ƙirga kuɗi, amma waɗannan kalmomin biyu na san su sarai. Farang ɗan wata ƙasa, dam kuma baƙi. Daga ranar na fara kasa kunne. Safiya huɗu, sau uku na ji kalmar. Sunana ban ji ba ko sau ɗaya.

Na tambaye ta nan take a kicin ɗin. Ta ce "mai pen rai", ba komai, haka kowa ke cewa, ta juya ta ci gaba da aikinta. Wallahi wannan juyawar ta fi kalmar yi mani zafi.

A Bankok na yarda ni baƙo ne. Ranar da ta kai ni ganin fadar sarkinsu na biya baht 500 na kuɗinsu, ita ta shiga kyauta, ban ce uffan ba, ƙasarsu ce. Amma nan gidan ubana ne, nan aka yanke mani cibiya. A ce a tsakar gidan nan, matar da na aura, uwar ɗiyata, ba ta da abin da za ta kira ni da shi wurin mahaifiyarta sai baƙin baƙo? Ban faɗa ma kowa a gida ba, don in Hajiya ta ji magana za ta yi tsawo, dama ba da son ranta aka yi auren ba.

Raini ne, ko ni ne na ɗauki abin da zafi?

Tsohon mai duwatsu:

Wa alaikumus salam. Malam, na yi shekara 9 a garin Chanthaburi na Tailan ina sayar da duwatsu masu daraja, irin shuɗin nan da ake haƙowa a Mambila, kuma na ji yarensu gwargwado. Kwantar da hankalinka ka ji.

Farang asalinta Bature ake nufi, farar fata. Kalmar ta je masu ne ta hannun fataken Farisa, 'yar'uwar wadda Larabawa ke kiran Turawa da ita ce, Ifranji. Ita kaɗai ba zagi ba ce. Gwaiba ma farang suke ce mata, saboda mutanen Fotugal suka kai masu ita. Dankalin Turawa kuwa "man farang", kalma da kalma yadda mu ma muke faɗi. Mu baƙar fata ba mu cika shiga cikin farang ba, an fi ce mana "khon dam" ko mutumin Afirka, sai wasu, musamman tsofaffi, su haɗa su ce farang dam. Ta ofis da takarda ita ce "khon tang chat".

Sannan su mutane ne da ba su jin nauyin kiran mutum da siffarsa. Kowa na da sunan wasa tun yana jariri, kuma da shi ake kiransa har tsufa. Akwai Dam, baƙi ke nan, akwai Uan, mai ƙiba, akwai Lek, ƙarami. Dillalin da na fi mu'amala da shi Uan ake ce mashi, a gaban 'ya'yansa, kuma yana amsawa. Kamar dai Jatau da Dogo da Duna a wurinmu.

Inda rainin yake, in akwai shi, ba cikin farang za ka same shi ba, cikin 'yan ƙananan kalmomin da ke kewaye da ita ne. In ka ji "ai" kafin ta, ai farang, wannan wulaƙanci ne. In tana maganarka ta ce "khao", to shi ne "shi" na mutunci. In kuwa "man" take cewa, wannan da shi ake nufin dabba ko kaya, ko wanda ba a ɗauka da girma ba, kuma a kan miji ba ladabi ba ne. Ka kula dai kada ka rikita shi da man na dankali, lafazinsu ɗaya. Akwai kuma "farang khi nok", farang kashin tsuntsu, da ake faɗa ma baƙo marowaci. Wannan zagi ne tsagwaronsa.

Batun juyawar da ta yi, ka sani mutanen nan ba su son a tsare su da tambaya fuska da fuska, balle kuma uwarta na kan waya ko ta sauka yanzu. Mai pen rai sau da yawa ba "ban damu ba" take nufi ba, kunya ce ta kama mutum yana neman a rufe zancen. Ka bari sai dare, ku biyu, murya ƙasa-ƙasa.

Mai shago a Agege:

Alhaji, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Shekarata 12 a Legas. Me kalmar aboki take nufi? Akwai kalma mai daɗi kamarta a Hausa? Amma ranar da kwandasta ya ce mani "aboki, matsa can" a gaban mutane, ni na san ba abota yake nufi ba, shi ma ya sani. Wanda ya zauna Makka ya san yadda Takari ke fita daga bakin wasu. Asalin kalma daban, yadda take sauka a ƙirjin wanda aka jefa da ita daban.

Kuma an bi ta kan farang an tsallake dam. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a Tailan ana fifita hasken fata, ko su kansu mutanen arewa maso gabashin ƙasar, na yankin Isan, suna shan gori kan duhun fatarsu. A 2016 sai da wani kamfanin kayan bilicin na can ya janye tallarsa ya ba da haƙuri, saboda tallar ta nuna cewa mai farar fata shi ke cin nasara. To a irin wannan ƙasa, in an ce maka baƙi, kana da haƙƙin ka tambaya da wace fuska aka faɗa.

Ɗan'uwa, ba na ce matarka ta raina ka ba. Amma abu ya yi maka ciwo, kai ne mijinta, wannan kaɗai ya isa dalilin ta daina. Ka faɗa mata kai tsaye.

Hajiya daga Daura:

Ɗana, na karanta maganarka har sau biyu. Jikata ce ke rubuta mani wannan, ni idona ya yi rauni.

Tambaya ɗaya zan yi maka. Ita a gidanku me ake ce mata?

Ba don in kare ta nake tambaya ba. Na zauna da abokiyar zama mutuniyar Agadas, shekara 34 muna gida ɗaya. Ranar da aka kawo ta aka ce Buzuwa ta iso, shi ke nan sunan ya bi ta. Uwar mijinmu Buzuwa, maƙwabta Buzuwa, yara Inna Buzuwa, ni ma da bakina haka nake cewa. Ta haifi 'ya'ya bakwai a gidan, ta iya Hausa har da habaici. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, mata sun cika tsakar gida, wata maƙwabciyarmu da suka yi shekara 20 suna aron turmi ta matso kusa da ni ta ce, "Hajiya, wai ni menene sunanta na yanka, in sa ta a addu'a?" Na buɗe baki, sai da na yi jim kafin ya zo mani. Har yau in na tuna jim ɗin nan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Ba ta taɓa cewa sunan ya dame ta ba. Ni kuma ban taɓa tambayarta ba.

Mu Daurawa bai kamata a koya mana zancen baƙo ba. Wanda ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri Daurama daga Bagadaza aka ce ya fito, kuma sunan da muka riƙe mashi, Bayajidda, manya na cewa daga "ba ya ji da" ne, wato da can ba ya jin yarenmu.

Game da taka matsalar, ka binciki wa ya fara sa maka sunan. Mace in tana hira da uwarta, kalmar da uwar ta ɗauko ita take bi, ba ta iya gyara ma uwa baki. Ni ina ganin surukarka ce ta raɗa maka shi tun kana zuwa zance. Ka ba matarka wani sunan da za ta riƙe a madadinsa, kada ka ƙwace wannan ka bar ta hannu wofi. Kuna da ɗiya, ai an gama.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode maku duka, Allah ya saka da alheri. Hajiya, tambayarki ta hana ni barci.

'Yar Chana ake ce mata. Hajiyarmu, yayyena, matan ƙannena, har mai kawo mana ruwa. In ta fita da hijabinta yaran layi na bin ta suna "Chana, Chana". Na duba wayar ƙanwata, da "Matar Yaya Chana" ta ajiye lambarta. Shekara uku ina jin wannan, ban taɓa cewa komai ba, don a kunnena ba zagi ba ne.

Daren jiya bayan Ummi ta yi barci na yi yadda Alhaji mai duwatsu ya ce. Ta ce uwarta ce ta sa mani sunan tun ranar da kawun ya fara ba da labarina a gida, kuma a danginsu duka ni kaɗai ne surukin da ba ɗan ƙasa ba, da an faɗa kowa ya san wa ake nufi. Dariyar ranar kuwa, uwar ce ta tambaya ko har yanzu ina gudun warin nam pla, ruwan kifin nan da suke zuba ma abinci, ita kuma ta ce yanzu ni ke nemansa a kan shinkafa da wake. Alhaji, na kuma kasa kunne yau da safe, khao take cewa.

Sai na tambaye ta ita ya take ji in an ce mata 'yar Chana. Ta yi shiru ta daɗe tana murza bakin zanen gado, sannan hawaye suka zubo. Ta ce ita ba ta taɓa taka ƙasar Sin ba. Ta ce a Katsina duka ni kaɗai ke kiran sunanta, kuma ta yi zaton na san abin na damunta na ƙyale.

Malam na Agege, na faɗa mata kai tsaye kamar yadda ka ce, cewa dam ɗin ya fi yi mani ciwo. Ba ta yi musu ba. Mun tsaya a kan za ta riƙa cewa Baban Ummi da yarensu. Yau da safe haka ta ce, na ji sunan yarinyar a ciki. Uwar dai daga can ta sake cewa farang dam, kuma ba zan ɓoye ba, na ji shi har cikin raina.

Yanzu abin da ya rage nawa ɓangaren. Hajiya, ta yaya zan tunkari mahaifiyata da wannan magana ba tare da ta ce matar ce ta turo ni ba?

Hajiya daga Daura:

Kada ka je mata da ƙara, ɗana. Ka fara da ƙannenka, su kana da iko da su, yau ɗin nan ƙanwarka ta gyara abin da ta rubuta a waya. Ita kuma Hajiya, duk lokacin da ka shiga gaishe ta ka ce Maman Ummi na gaishe ki, Maman Ummi ce ta dafa wannan. Takwararta ce a cikin sunan, bakinta ba zai ƙi shi ba. Ranar Juma'a in an yi abinci, ka bar matarka ta kai mata kwanon da hannunta, yarinyar na riƙe da gefen hijabinta.