Neman kalma: me za a kira mutuwar auren Sarki Henry na Takwas?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. Gobe da safe zan gabatar da shiri a rediyo kan Sarki Henry na Takwas na Ingila, amma kalmar Turanci annulment ta hana ni sakat. Na rubuta "saki", sai dai hankalina bai kwanta ba, domin hukuncin da Babban Bishop na Canterbury, Thomas Cranmer, ya yanke a watan Mayu na 1533 cewa ya yi auren sarkin da Catherine ta Aragon bai ɗauru ba tun fil'azal, saboda ta taɓa auren yayansa Arthur, wanda ya rasu a 1502.

Ɗalibin Fiƙihu: Wa alaikumus salam. Saki bai dace ba, tunda ba a sakin matar da ba a aura ba. Ka ce "fasakhi", wato alƙali ya rushe auren da aka ƙulla ba bisa ƙa'ida ba.

Dattijo: Kullum muka rasa kalma sai mu ruga Larabci, kamar Hausa ba ta da uwa. Na daɗe ina cewa "warwarar igiya" ta wadatar, tunda kowa ya san igiyar aure.

Malamar Tarihi: Allah ya ƙara girma, Baba, amma ba a warware abin da ba a ɗaura ba, kuma nan ne rigimar take. Tun 1509 sarkin da Catherine suke tare, amma da aka ce babu auren, 'yarsu Mary ta wayi gari ba 'yar halak ba, ta rasa gādon sarauta. Paparoma Clement na Bakwai ya ƙi amincewa a rushe auren, shi ya sa a 1534 majalisa ta mai da sarkin shugaban Cocin Ingila.

Dattijo: 'Yata, shekara talatin na yi ina koyar da Hausa kafin ki riƙe alli.

Ɗalibin Fiƙihu: Baba, da "alli" ban ja ba, amma hukunci da shari'a da alƙali duk aro ne, kuma ba ka taɓa korarsu ba.

Malamar Tarihi: Fasakhi ma zai sa mai sauraro ya zaci kotun Musulunci ce ta zauna. Ni "soke aure" nake gani, a ƙara da cewa wai bai taɓa ɗauruwa ba.

Mai Fassara: Na gode, Malama, da shi zan tafi gobe.

Dattijo: Ka tafi da shi, tunda lokaci ya ƙure maka. Ni dai a ajina warwarar igiya zan ci gaba da faɗa.