Neman shawara: yaran kartiye sun ce ni ne kocinsu

Baban Sadiku (Yelwa, Garwa, Kamaru):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah masu sanin harkar balo ku taimaka min. Yaran kartiyenmu ne, wato unguwarmu, suka taru a kaina, tunda suka ga ina fita buga wasan dattijai ranar Lahadi shikenan wai ni ne kocinsu, sun fi ashirin, ƙaraminsu shekara 8 babbansu 13. Balo biyu gare mu ɗaya ma ta sha faci, fili kuma na bayan lakwal ne, wato makaranta, duk turɓaya da tsakuwa. Ni dai tun ina yaro nake buga ƙwallo amma koyarwa ban taɓa ba. Da me zan fara musu, kuma wane lokaci ya fi, ga zafin Garwa kun dai san shi.

Tsohon Lamba Biyar:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba da lada ƙanena. Ni shawarata guda ce tak, numfashi. Yanzu da ruwan Binuwai ya ja baya ka kwashe su da asuba ka kai su cikin yashi su yi ta gudu har sai sun ce wayyo, wata biyu kar ma su ga balo da idonsu. Mu haka aka yi mana kuma ga shi har yau gwiwata ce kawai ke ciwo, ƙirji kam lafiya lau.

Malam Koci (Marwa):
Yaya Lamba Biyar da girmanka da komai amma nan kam ban bi ka ba. In ya yi haka sati ɗaya zai waiga ya ga yara huɗu suka rage. Yaro ɗan shekara 9 balo ta kawo shi ba gudu ba, numfashin kuma zai same shi a cikin wasan ba tare da ya sani ba.

Baban Sadiku ga abin da nake yi da nawa a Domayo. Farko ka raba su gida biyu, 8 zuwa 10 daban, 11 zuwa 13 daban, saboda in ka haɗa su manyan ne za su riƙe balo ƙananan su yi ta bin ƙura. Kar ka yi musu sha ɗaya da sha ɗaya a babban fili, wlh akwai yaron da zai yi awa guda bai taɓa balo sau biyar ba ya koma gida yana cewa ya buga maci. Ka yanka filin ƙanana ƙanana, huɗu da huɗu ko biyar da biyar, raga kuma duwatsu biyu ko silifas sun isa, ba gardiyan wato gola, duk minti biyar ko shida wanda aka ci ya fita wasu su shiga. A irin wannan yaro dole ya karɓa, ya juya, ya ba da, ya ƙwace, babu wajen ɓuya. Kafin nan ku fara da toro, biyar a da'ira ɗaya a tsakiya yana farautar balo, wanda ya ɓata shi ne zai shiga. Sannan abin da na fi tsana a duniya shi ne layi, yara goma sha biyar sun jeru suna jiran kowa ya buga sau ɗaya koci na ta surutu da usur a baki. In ka ga layi ya yi tsawo to ka san lokaci kake ƙonawa.

Ka kuma matsa musu da ƙafar da ba su so. Bango kawai yake bukata, yaro ya buga da hagu ta dawo ya tare da dama, ko a gida zai iya yi da ƙwallon leda ko ta tsumma.

Baban Sadiku:
Malam Koci na gode sosai. To amma fili uku da balo biyu fa?

Mai Gwanjo:
Baban Sadiku wannan ba matsala ba ce. Kowane yaro ya riƙa kawo dala ashirin a sati, ka samu wani dattijo cikin iyayen ya riƙe kuɗin ba kai ba, don gobe kar a ce koci ya ci kuɗin yara. Kuma kar ka sayi lamba 5, ta manya ce, ta yi wa ƙafarsu nauyi. Lamba 4 ita ce ta 'yan 8 zuwa 12. Ka nemi mai ɗinkin hannu ba mai sheƙin nan da ake mannawa da gam ba, ita wannan kwana kaɗan a kan tsakuwa sai ka ga tana ɓarewa. Famfo da allura ka saya naka na kanka ka ajiye a aljihun moto. Gorar ruwa ta roba ka cika da yashi ta zama alamar fili. Mayo kuma, wato rigar wasa, kar ya dame ka yanzu, tsohon zani kala biyu tela ya yanka maka ɗamara, ja da kore, an gama.

Maman Yasmin:
Sannunku maza, duk kun yi maganar balo babu wanda ya tuna da mu iyaye. Baban Sadiku kafin ka busa usur ɗin farko ka bi gida gida ka gaida iyayen yaran nan ka faɗa musu ranaku da lokaci. Ni ɗana yana zuwa wani fili kuma abin da ke haɗa ni faɗa da shi kullum shi ne magariba ta yi bai dawo ba, ya shigo buɗu buɗu ba sallah ba wanka, Islamiyya kuma malam ya aiko ya fi a ƙirga. In ka tsaya a kan cewa ana kiran sallah an tashi, kuma wanda bai je lakwal ba ranar ba zai taɓa balo ba, wallahi mu da kanmu za mu riƙa turo maka su har da ruwan sanyi. Laraba da yamma tunda ana tashi lakwal da wuri, sai Asabar da safe, ina ga sun isa.

Ɗan Asibiti:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni ta fannina zan ƙara. Watan Maris da Afrilu zafin Garwa na wuce digiri 40, yaro kuma ba ya cewa na gaji sai dai ka ga ya zauna yana riƙe kai. Ko dai da sassafe ko bayan la'asar sosai, kuma duk minti 15 zuwa 20 a tsaya a sha ruwa ko sun ce ba sa jin ƙishi. Jarka ɗaya a inuwa. Wanda ya galabaita a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki a ba shi ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya cokalin shayi shida na sukari rabin cokali na gishiri. Kafin a fara kowa ya zagaya filin a tsince kwalba da ƙusa tunda yawancinsu ba takalmi, wanda ƙarfe ya yanka kuma a duba maganar allurar tetanus kar a ce toka ko man birki za a shafa. Yaron da zazzaɓi ya kwantar jiya kar ka sa shi yau ko ya yi kuka. Wanda kuma ya taɓa suma a fili ko yake cewa ƙirjinsa na ciwo in ya yi gudu, wannan sai likita ya gan shi tukuna. Dukkanmu mun tuna ɗan wasanmu na Kamaru Marc-Vivien Foé a Lyon 2003 a wasan Kolombiya, ƙato lafiyayye ya faɗi a tsakiyar fili ba wanda ya taɓa shi, zuciya ce.

Malam Koci:
Ƙari a kan na Ɗan Asibiti, ƙananan kar ka koya musu sa kai yanzu. Amurka tun 2015 ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, Ingila ma ta cire shi daga atisayen ƙananan yara a 2020.

Tsohon Lamba Biyar:
Kai Malam Koci! To da Omam-Biyik bai iya sa kai ba da wa zai ci wa Kamaru Ajantina a gasar kofin duniya ta 1990? Ku yaran yanzu ba ku ga ranar nan ba. Mu talabijin ɗaya ce a layinmu an fito da ita tsakar gida an ɗora kan tebur, mutum ya fi hamsin a zaune a ƙasa, Maradona na cikin fili, an ba mu jan kati biyu muka ƙare da mutum tara kuma muka ci 1-0. Da mutumin nan ya tashi sama ya sa kai golansu ya kasa riƙewa, wani tsoho maƙwabcinmu da bai taɓa kallon ƙwallo ba ya jefar da carbinsa ya rungume ni. Sannan Roger Milla yana da shekara 38 ya ci huɗu a gasar yana zuwa kwana yana rawa, sai Ingila ce ta fitar da mu 3-2 da fenariti biyu, har yau in na tuna raina ɓaci yake. 2008 kuma ina cikin filin wasa na Roumdé Adjia da Coton Sport ta Garwa ta yi 2-2 da Al Ahly a wasan ƙarshe na zakarun Afirka, da ma sun ci mu 2-0 a Alƙahira, kofin ya wuce amma ranar Garwa ba wanda ya dafa abinci da wuri. Ni dai gudun yashi ban janye ba, amma na yarda a bar wa manyan, 'yan 13 ɗin.

Malam Koci:
Hahaha Yaya na karɓa, manyan sau ɗaya a sati kuma da balo a ƙafarsu. Kai kuma za su koya in wuyansu ya yi ƙwari.

Na Kusiri:
Ni abin da zan ce ba na atisaye ba ne. Baban Sadiku ranar da yaro ɗaya cikin yaranka ya fara fice, za ka ga mutane da jaka a kafaɗa da hotunansu da 'yan wasa a waya suna cewa za su kai shi Turai gwaji. A nan wajenmu wani ya zo haka, maƙwabcina ya sayar da shanu biyu ya ba shi, ya karɓi fasfo ɗin yaron, daga nan lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Ka sani dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro ƙasa da shekara 18 zuwa kulob na wata ƙasa sai a wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan, kuma kulob na gaskiya shi ke biyan kuɗin jirgi ba uban yaro ba. Ku dubi Vincent Aboubakar ɗan Garwarku, a Coton Sport ya buga kowa ya gan shi, sai 2010 yana da 18 ya tafi Valenciennes, daga baya Porto, shi ya ci mana Masar a wasan ƙarshe na 2017 kuma ya ci Brazil a Qatar. Mu ma tsallaken gada a Cadi muna da Japhet N'Doram, daga Njamaina ya je Tonnerre ta Yawunde tukuna kafin Nantes. Hanyar a fili take ba ta bayan gida ba.

Maman Yasmin:
Tunda an zo nan, maganar akta, wato takardar haihuwa. Yara da yawa a kartiye ba su da takardar haihuwa, sai an zo jarrabawar CEP ta gama firamare hankalin uwa ya tashi, kuma in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu. Koci in ya tambaya iyaye sun fi jin maganarsa wlh.

Malam Koci:
Wannan babbar magana ce Hajiya. Ka buɗe littafi, sunan yaro, ranar haihuwa yadda take a akta, lakwal ɗinsa, lambar babansa. Kuma duk wanda ya ce maka a rage wa yaro shekara biyu don ya shiga gasar ƙanana ka ce a'a tun a bakin ƙofa. Wajen farkon 2023 an yi wa tawagar 'yan ƙasa da 17 ta ƙasa gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, cikin 30 guda 21 suka faɗi, duniya duk ta ji. Yaron da aka yanke wa shekara yana ta cin ƙanana yana jin shi gwani ne, ranar da ya haɗu da sa'o'insa sai ka rasa shi a fili. Kai kuma in abin ya shiga ranka ka leƙa ofishin lig na FECAFOOT, hukumar ƙwallon Kamaru, na yankinku ka tambayi lokacin kwas ɗin lasisin D na koci, shi ne matakin farko. Ka kuma yi abota da malamin wasanni na lakwal ɗin, ta hannunsu ake zuwa wasannin makarantu na FENASSCO.

Maman Yasmin:
To Yasmin fa? Shekararta 9 kuma ta fi yayanta iya riƙe balo, kullum a tsakar gida take fasa min kwanuka.

Baban Sadiku:
Hajiya in babanta ya yarda ki kawo ta, akwai wasu biyu a layinmu da suke tsayawa bakin fili suna kallo, in sun kai biyar sai na yanka musu nasu filin. Jama'a useko, na gode ƙwarai. Laraba zan fara da toro da huɗu da huɗu, gobe kuma zan fara zagayen gidaje. Mai Gwanjo nawa lamba 4 mai ɗinki take yanzu?

Mai Gwanjo:
Ka zo kasuwa da safe ka duba da hannunka, a waya ba a cinikin balo. Ka taho da mai facin ma in gani ko za ta ƙara wata guda.

Tsohon Lamba Biyar:
In sun yi wata biyu ka kawo su kartiyen Poumpoumré su gwada da yaran ƙanena. Ni zan yi arbit, alƙalin wasa.

Malam Koci:
Baban Sadiku kar ka yarda, Yaya bai taɓa ganin laifin mai tsaron baya ba a rayuwarsa. Ku nemi wani.