Sunan Iyas: ma'anarsa, asalinsa, da ko zai zauna a bakin mutanenmu

Baban Jariri: Salamu alaikum jama'ar zaure. Allah ya sauki maiɗakina lafiya daren Talata, an samu namiji. Shekara biyu ke nan da muka rasa na farinmu yana da wata huɗu, don haka ina neman suna mai ma'anar abin da Allah ya mayar mana. Wani aboki ya ambata mini Iyas. Da gaske sunan Musulunci ne? Kwana bakwai na ƙaratowa.

Maman Tagwaye: Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Wancan kuma Allah ya sa mai ceto ne. Amma ba Iliyasu abokin naka yake nufi ba?

Malamin Islamiyya: A'a Hajiya, sunaye biyu ne daban. Iliyasu sunan Annabi ne da ya zo a Alƙur'ani. Iyas kuwa tsohon sunan Larabawa ne daga kalmar "aus", wato kyauta, ko abin da aka ba mutum a madadin wanda ya rasa. Ka ga ya dace da halinku sosai. Akwai Sahabi mai sunan, Iyas ɗan Bukair. Shi da 'yan'uwansa uku, Aƙil da Amir da Khalid, duk sun halarci Badar.

Wanda ya fi shahara da shi dai shi ne Iyas ɗan Mu'awiya Al-Muzani, alƙalin Basra a zamanin Umar ɗan Abdul'aziz, ya rasu shekara ta 122 bayan Hijira. Larabawa da shi suke buga misalin kaifin basira. Ana ba da labarin wani da ya kai ƙara cewa ya ba abokinsa ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya, abokin ya ce bai san zancen ba, bai ma san wurin ba. Iyas ya ce wa mai ƙara ya je gindin bishiyar ko zai tuna wani abu, ya ci gaba da sauraron wasu shari'o'i. Can sai ya juyo ya tambayi wanda ake ƙara: kana ganin ya isa yanzu? Mutumin ya ce a'a, ai wurin da nisa. Da bakinsa ya kama kansa.

Kawu daga Maraɗi: Labarin ya yi daɗi, Malam. Ni abin da nake hangowa ɗana shi ne kiran sunan. Bakinmu zai mayar da shi Iyasu, tsofaffi su ji Iliyasu, yara a makaranta kuma su yanke shi ya koma Iya. Yaro namiji a riƙa ce masa Iya, zai ji ciwo. Me zai hana Uwaisu?

Malamin Islamiyya: Uwaisu ma gida ɗaya suka fito, ƙaramin siga ne na Aus, sai dai Aus ɗin na kuma nufin kyarkeci. Uwaisul Ƙarni mutumin Yaman ne, hidimar mahaifiyarsa ta hana shi zuwa Madina a zamanin Annabi, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci Umar ya nemi Uwaisu ya roƙa masa gafara idan sun haɗu. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. A nan ma an san sunan, ga tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais.

Anti Nas: Ƙanena, in kun tsaya a kan Iyas, ka rubuta shi da hannunka ka miƙa wa liman ranar suna, haka ma wajen takardar haihuwa. Ɗan yayata an ƙara masa harafi ɗaya a wani ofishi, sai da aka yi rantsuwa a kotu kafin a gyara. Kuma don Allah ka tambayi mai jego. Ita ta ɗauki cikin, ita ma ta yi wancan rashin.

Maman Tagwaye: Wallahi Anti kin faɗi gaskiya. Da can kakanninmu Ajuji suke sa wa irin wannan yaro don ya tsaya. Ni na fi son sunan da ke nuna godiya.

Baban Jariri: Na gode, Allah ya saka. Na karanta mata duka. Da ta ji ma'anar sai da ta yi hawaye, ta ce Iyas take so. Kawu, na riƙe maganarka, za mu koya wa yaran gida kiransa daidai tun yanzu. Suna ranar Talata ne bayan sallar asuba, duk kuna cikin gayyata.