Wa ya taɓa ɗaga wanda ya yi hatsari? Ku zo mu ji yadda aka yi

Mai_tambaya:
Salam jama'a. Abin nan ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Mai babur ne ya faɗi a gabana, kafin in faka mota mutane sun yi caa a kansa, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, kai yana reto, aka cusa shi bayan mota a naɗe. Har da ni a kama ƙafar wallahi. Yaron yana ta cewa wuyana wuyana babu mai sauraro. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, ya kuka yi?

Nas_ɗin_dare:
Ɗan uwa Allah ya ba ka ladan niyya, amma irin ɗaukar nan ce take sa mu kuka a imajansi. Ƙashin wuya zai iya karyewa laka ba ta taɓu ba, mutum yana motsa yatsunsa lafiya lau, sai a wajen ɗauka ƙashin ya goce ya danne lakar shikenan jiki ya shanye. In kuma can sama ne, wajen ƙashi na 3 zuwa na 5, daga nan jijiyar da ke tafiyar da numfashi take fitowa, numfashin ma zai iya tsayawa. Mu in za mu juya irin wannan mutum huɗu muke, ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu, uku su jeru a kafaɗa da ƙugu da ƙafa, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, hanci da cibiya suna layi ɗaya. Kuma mai riƙe da kai shi ne mai ƙirga, ko da likita yana wurin. Akwai ranar da wani sabon ɗalibi ya ja ƙafa tun ina kan "biyu", har yau in na tuna ihun bawan Allahn nan jikina sanyi yake.

Direban_ambulan:
Gaskiya ne anti. Ni abin da na fi fama da shi taron mutane ne, kowa na son a ga ya taimaka. In ba wuta ba ce ko motoci na shirin bi ta kansa, a bar shi inda yake, a danne inda jini ke zuba, a yi ta masa magana. In dole ne a matsar, a ja shi a miƙe ta kafaɗun riga ko a kan bargo, kansa na kan damatsanka, ban da ja ta gefe.

Maman_biyu:
To in yana amai fa? Nawa ɗan daga tsani ya faɗo, ina zuwa na ji yana kakari, ban tsaya tunanin wuya ba na juya shi.

Nas_ɗin_dare:
Daidai kika yi maman biyu, numfashi ne gaba da komai. A juya shi ta gefe, wani ya tallafe kai ya bi jikin, shi ke nan.

Tsohon_ɗan_agaji:
Bari in ƙara na ƙugu, don shi ba a ganinsa. Mun taɓa ɗaukar wani babu ko ɗigon jini a waje, yana ta hira da mu, ashe ƙashin ƙugu ne ya buɗe yana zubar da jini ta ciki, kafin mu isa ya yi fari fat. Da zanin gado aka ɗaure shi daidai kan kwatangwalo, ba a kan tumbi ba, ƙafafu a haɗe. Sitireca, wato gadon ɗaukar majinyaci, mai rabewa biyu ta fi a nan, a zura rabi ta dama rabi ta hagu a ƙulle, babu mirginawa da yawa. Sannan ku masu ɗauka ku ji tausayin bayanku, a durƙusa a tashi da cinya. Ni na sunkuya ne sau ɗaya tak a kan bene, shekaru ke nan ban iya ɗaura takalmi ba sai na zauna.

Direban_ambulan:
Hular kwano ma kar a fizge. Mutum biyu ke cire ta, ɗaya ya riƙe wuya da haɓa ta ƙasa, kuma in yana numfashi lafiya a bar ta kawai mu iso.

Mai_tambaya:
Innalillahi. Hular ni na cire masa, da hannu ɗaya ma. Gobe in Allah ya kai mu zan je asibitin in tambaya ko yana motsa ƙafa.