Zakkar bana: ƙanena ko rufin masallaci?

Maman Rahama:
Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetiya da ke Kumasi, Ghana, shagon marigayi maigidana, wanda danginsa suka so ƙwacewa tun ina takaba, sai da Sarkin unguwa ya sa baki. Bana na ware zakka. Kwamitin masallacinmu a Aboabo sun ce in sa a kwanon rufi, har an ambaci sunana bayan sallar Juma'a. Ga ƙanena bashin babur ya yi masa katutu, mai babur ɗin yana neman ƙwacewa. Wa zan ba?

Malam Sani:
Hajiya, zakka ba ta gina masallaci. Suratut Tauba aya ta 60 ta lissafa mutum takwas, mai bashi yana ciki, rufin kwano ba ya ciki, mazhabobi huɗu a kan haka suke. Iyaye da 'ya'ya ne ba a ba, don ciyar da su wajibi ne. Ƙane kuwa lada biyu, na sadaka da na zumunci. Amma kin ƙiyasta kayan shagon? Sun kai nisabi, kuɗin zinare giram 85? Ɗaya cikin arba'in ake fitarwa.

Anti Balkisu:
Hmm. Ni na biya wa ɗan yayata kuɗin makaranta, yau ko gaisuwar sallah babu. Dangi sai Allah.

Abdul Asawase:
Malam, akwai malaman zamani da suka faɗaɗa "fi sabilillah", ɗaya daga cikin takwas ɗin, har da masallaci fa.

Malam Sani:
Abdul, wannan ra'ayin 'yan ƙalilan ne. Sayyidina Abubakar ya yaƙi masu hana zakka, haƙƙin talaka ce, ba kuɗin siminti ba.

Maman Rahama:
Malam ba ku san yaron nan ba ne. Bara na tura masa kuɗi ta MoMo, asusun kuɗi na waya, waya sabuwa ya saya. Kuma ina zan sa fuskata bayan an kira sunana?

Malam Sani:
Bashin nasa ki biya kai tsaye da saninsa. Masallaci ki ba su sadaka daga aljihunki.

Maman Rahama:
Da wane kuɗin? Sidi nawa nake samu a turmi ɗaya yanzu?

Anti Balkisu:
Wa ya ba kwamitin izinin kiran suna ma? Mu a Alabar haka suka yi mana.

Abdul Asawase:
Hajiya har yanzu ba ki ce ko kayan sun kai nisabi ba.