Neman tallafi wa ƙungiya: waɗanda suka taɓa rubutawa, me kuka gani?

Sakatariyar ƙungiyar mata, Gusau:
Assalamu alaikum. Mu mata ne masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, muna son injin matse mai. An ce sai mun rubuta takardar neman tallafi. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya tarar.

Ma'ajin ƙungiyar ci gaban gari, Funtuwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin rubutu, ku fara haɗa takardu. Mu abin da aka fara tambayarmu shi ne rajistar amintattun ƙungiya a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma ba a yin ta dare ɗaya, don sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Sai lambar haraji, sai takardar SCUML (sashen yaƙi da halatta kuɗin haram na hukumar EFCC), wadda banki ya ce sai da ita zai buɗe mana asusu da sunan ƙungiya. Asusun shugaba ko na ma'aji ba ya shiga, komai amanarsa.

Shugabar ƙungiyar gama kai, Birnin Kebbi:
Malam, a yi hattara. In sana'a suke yi suna raba riba, rajistar gama kai ta jiha ce ta fi dacewa da su. Yaya, ki karanta sharuɗɗan mai ba da tallafin tukuna, a nan za ki ga wacce yake karɓa.

Shugaban makarantar al'umma, Azare:
Mu ofishin jakadancin Japan a Abuja muka nema, a shirinsu na tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma. Gini da kayan aiki suke yi, irin su ajujuwa, ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse, ba sa biyan albashi. Sun nemi farashi daga 'yan kwangila uku, da shaidar cewa filin na makaranta ne. Dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi. Amma tambayar da ta fi cin mana lokaci ita ce, wa zai kula da ginin bayan an gama? Sai da muka zauna da iyayen yara a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, aka tsayar da abin da kowane gida zai riƙa bayarwa duk zangon karatu, sakatare ya rubuta, aka dangwala. Wannan takardar mai ɗauke da dangwalen yatsu muka liƙa a bayan fom ɗin.

Tsohuwar ma'aikaciyar wata gidauniya, Kaduna:
Ni ta ɗaya ɓangaren na zauna, cikin masu tantancewa. Mafi yawan takardun da kuka suke farawa: talauci ya yi katutu, mata na shan wahala. Mun sani, shi ya sa aka ware kuɗin. Abin da muke lalube shi ne ku mata nawa ne, buhu nawa kuke sarrafawa a mako da hannu, nawa za ku iya da inji, ina za a girke shi, wa zai gyara in ya lalace. Ku ɗauko littafin adashenku da na ciniki, lissafin yana ciki.

Sai kasafi. A rubutu an ce horo na kwana biyu, a kasafi an sa abincin kwana biyar. Nan take ake ajiye takarda gefe. Su kuma masu rubuta wa mutane don kuɗi, ba na hana ku, amma na sha ganin takarda iri ɗaya daga ƙungiyoyi daban-daban, sunan gari kawai aka sauya, har wata an manta an bar sunan garin farko a shafi na uku. Turanci mai sauƙi da kuka san abin da ke ciki ya fi mana. Tunda ƙungiyar mata ce, ku riƙa duba sanarwar AWDF, asusun matan Afirka da ke Akara, babban birnin Gana.

Akawun wata ƙungiya, Kano:
Ku sa ranar da kuka karɓo farashi a jikin kasafi. Mun yi namu a farkon 2023, kafin kuɗi su fito an cire tallafin mai an saki naira, siminti ya yi tashin gwauron zabo. Ranar da muka rubuta ce ta ba mu bakin neman a sake lissafi, suka yarda aka rage girman aikin. Kuma kada ku dogara da ƙofa ɗaya. Da aka rufe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, a 2025, na san ƙungiyoyin da aikinsu ya tsaya cak.

Wani matashi, Maraɗi:
Iya, duk wanda ya turo saƙo ta WhatsApp ya ce a biya kuɗin fom, ɗan damfara ne. Mu nan an karɓi jaka-jaka a hannun mata da sunan wata ƙungiyar Turai, har yau shiru.

Shugabar ƙungiyar gama kai, Birnin Kebbi:
Na manta ban faɗa ba, Yaya. Tun yau ku fara ajiye rasit na duk abin da kuka saya, ko jarka ce, ku kuma riƙa rubuta bayanin taronku na wata. Mu na shekara biyu baya aka nema.