Hasken dare na tauraron ɗan adam ya ƙi nuna min kasuwannin Kano, a taimaka

Salam jama'a. Ina aikin furojet kan auna ƙarfin tattalin arzikin ƙananan hukumomi 8 na cikin birnin Kano da hotunan hasken dare, kuma abin ya cije min.

Na fara da bayanan DMSP (taurarin ɗan adam na Amurka masu ɗaukar hasken dare) na 1992 zuwa 2013, to shi ma'aunin haskensa a lamba 63 yake tsayawa komai ƙarfin haske, tsakiyar gari duk ya cika fal, ba ka bambance unguwa da unguwa. Na koma bayanan VIIRS (wata na'urar ɗaukar hasken dare da ke kan tauraron ɗan adam) na wata-wata a Google Earth Engine (dandalin Google na sarrafa hotunan tauraron ɗan adam), na cire watannin damina saboda gajimare, na ɗauki matsakaicin shekara, na raba da yawan jama'a, amma har yanzu wajen kasuwannin Kantin Kwari da Singa yana fitowa dishi-dishi, unguwar GRA ta Nassarawa kuwa tana ƙyalli saboda fitilun titi da janareto. Duk ɗan Kano ya san inda kuɗi ke juyawa, wannan sakamako ba zan iya kare shi gaban malamina ba wallahi.

Zargina shi ne lokacin, tauraron yana wucewa ne wajen ƙarfe 1:30 na dare, 'yan Kwari kuwa tun magariba sun kulle shaguna sun tafi gida, ga ɗauke wuta da ke sa hasken hawa da sauka ba don ciniki ya canza ba.

Wane bayani zan haɗa da na VIIRS ɗin don kasuwancin rana ya fito a lissafin? Na gode.